Aiken Yaro da Wasan Pajama Sam

Akwai shekarun da yaro yake kaiwa, wajen biyar zuwa bakwai, da uwa za ta dube shi ta ga ya isa aike. Ba bikin da ake yi, ba sanarwa. Wata rana kawai sai ta ɗora masa kwanon masara a ka, ta danƙa masa kuɗi a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai, ta ce, "Ka kai wa mai inji. Ka ce gari ne, ba tsaki ba. Ka tsaya a niƙa a gabanka, kuma kar ka tsaya wasa." Yaro ya fita yana taku ɗai-ɗai, wuya a sandare don kada kwano ya goce.

Ya isa wurin niƙa, an niƙa, sai mai inji ya juya kuɗin ya ce, "Yaro, ba ni da canji. Je ka shagon Alhaji ka canzo." Alhaji mai shago kuma ya ce shi ba ya ba da canji sai an sayi wani abu. To, nan fa ake yin ta. Umma ba ta faɗi wannan ba. Yaro ya tsaya yana sosa ƙeya, ya dubi hanyar gida, ya dubi kanta, can sai ya tuna da safe ya ji Umma tana cewa ashana ta ƙare. "Baba, a ba ni ashana ɗaya." Ya karɓi canji, ya biya mai inji, ya dawo gida da gari da ashana da ragowar kuɗi. Ranar ko ba a yabe shi ba, tafiyarsa ta sauya.

Wannan aiken nake tunawa duk lokacin da aka tayar da zancen wani tsohon wasan kwamfuta na yara mai suna Pajama Sam, wanda kamfanin Humongous Entertainment na Amurka ya fitar a 1996 a kan faifan CD. Cikakken sunan kashi na farko shi ne Pajama Sam: No Need to Hide When It's Dark Outside, wato ba sai an ɓuya ba don duhu ya yi. An yi shi ne don yara 'yan shekara 3 zuwa 8. Har yau waɗanda suka taso da shi suna ta muhawara a kansa: wasu na cewa babu kamarsa a wasannin yara, wasu na cewa ƙaunar ƙuruciya ce kawai take rufe musu ido, wasan ya yi sauƙi da yawa kuma bai koyar da komai ba. Ni ina tare da na farkon, amma ba don kewar zamanin da ya wuce ba. Dalilina shi ne wasan ya san yadda ake aiken yaro, abin da yawancin wasannin da ke cikin wayoyinmu yau ba su sani ba, ko kuma suka sani suka ƙi.

Labarin gajere ne. Sam yaro ne mai launin shuɗi, sanye da kayan barci, kuma tsoron duhu yake. Daren nan ne zai fara kwana ba fitila a kunne. Yana da wani jarumi da yake karantawa a littafin zane-zane, Pajama Man, sai ya ƙudura zai yi irin tasa: ya je ya kamo Duhu da kansa ya kulle. Ya ɗaura jan mayafi a wuya, ya lalubo kayan aikinsa uku a ɗaki, abin rufe fuska da tocila da ɗan akwatin ƙarfe irin wanda yaran Amurka suke zuba abincin makaranta, wanda a ciki yake nufin ya rufe Duhu. Ya buɗe kabad ɗin kayansa ya shiga, sai ya zurma cikin Ƙasar Duhu. Bai yi nisa ba tarkon igiya ya sure shi ta ƙafa, wasu bishiyoyi masu magana suka ce su jami'an kwastan ne, suka ƙwace kayan nan uku suka watsar. Daga nan aiki ya koma hannun yaron da ke riƙe da linzamin kwamfuta. Shi zai nemo su.

Ka lura da abin da aka ba shi: buƙata ɗaya bayyananna, wadda ɗan shekara huɗu zai iya maimaitawa, kamar dai "gari ne, ba tsaki ba." Ba a ba shi taswirar yadda zai yi ba. Babu kibiya mai ƙyalli da take nuna masa danna nan, sannan nan. An faɗa masa abin da ake so, an sake shi.

Wurin da na fi so a wasan duka yana kusa da farko. A bakin rafi akwai wani kwalekwale mai suna Otto, yana zaune a kan tudu, ya ƙi shiga ruwa. An taɓa gaya masa katako nutsewa yake yi, shi kuwa da katako aka yi shi, don haka ya rantse ba shi ba ruwa. Sam yana buƙatar ƙetarewa. Lallashi bai yi ba, gardama ba ta yi ba. Yaron da ke wasa zai yi ta danna kwalekwalen yana jin amsa iri ɗaya, har sai ya tuna cewa a baya ya ciro wani guntun katako da igiyar da wata bishiya mai kirki ta ara masa. Ya ɗauko katakon daga cikin kayansa, ya kai bakin rafi, Sam ya jefa a ruwa a gaban Otto, katako ya taso yana lilo. Gani ya kori ji. Otto ya shiga ruwa, kuma daga lokacin ya zama direban Sam, duk inda ruwa ya kai zai kai shi. Idan ka taɓa zama kusa da yaro a daidai wannan gaɓar, za ka ga fuskarsa kafin ma ya danna: ido ya buɗe, baki ya ɗan saki, jiki ya matso gaba. Fuskar mai ashana ce. Ba wanda ya gaya masa, shi ya haɗa wannan da wancan.

Kuma dubi dabarar marubucin, Dave Grossman, wanda ya yi aiki a kan shahararrun wasannin manya irin su The Secret of Monkey Island da Day of the Tentacle kafin wannan. Yaron da ke tsoron duhu shi aka sa ya warkar da kwalekwalen da ke tsoron ruwa. Ba wanda ya tsaya ya yi wa'azi cewa yawancin tsoro daga jita-jita yake. An bar yaro ya yi wa wani maganin ciwon da yake damunsa, ya gane da kansa ko kada ya gane yanzu, zai gane wata rana.

Haka sauran ƙasar take, buƙata cikin buƙata. A ramin haƙar ma'adinai akwai wani ɗan tarago mai suna King da tsatsa ta cinye ƙafafunsa, ba ya motsi sai an samo gwangwanin mai an ɗiga masa, man kuwa yana ƙetaren ruwa, ruwan kuma sai da Otto. Akwai gadar da ba ta barin kowa ya wuce sai ya biya zinariya, zinariyar tana cikin rami, haƙo ta kuma sai da diga. Akwai wasu bishiyoyi masu girman kai da suka tare hanya suka ce 'yan uwansu bishiyoyi kaɗai ke wucewa, sai Sam ya kifa kututture mai rami a ka ya wuce a matsayin ɗan gari. A gidan Duhu kuma wasu ƙofofi biyu, Wink da Blink, ba sa buɗewa sai an ci gasar kacici-kacici, kuma wasu amsoshin suna warwatse a wuraren da yaro ya riga ya bi, in ya kula. Mai inji ya tura ka wurin mai shago, mai shago ya ce sai ka sayi wani abu. Kowa yana da tasa damuwar, kuma hanyar biyan buƙatarka ta bi ta kan biyan tasu. Ba a doke kowa a wasan nan ba, ba a harbi kowa ba. Tambaya ake yi, a saurara, a je a dawo. Matambayi ba ya ɓata.

Masu cewa wasan ya yi sauƙi da yawa sukan kafa hujja da cewa ba a mutuwa a cikinsa, ba a faɗuwa, ba agogon da ke ƙirga maka lokaci, kuma ba yadda za ka yi kuskuren da zai rufe maka hanya har abada. Gaskiya ne, haka yake. Amma su koma su dubi aiken nan da kyau. Uwar da ta ɗora wa ɗan shekara shida kwano ba jeji ta tura shi ba. Ta san lungun. Ta san tsohuwa mai ƙosai tana bakin hanya kuma ta san ɗan waye, ta san dattijan da ke kan dakali za su ce "Kai, ɗan gidan Malam, ina zuwa?" in suka ga ya miƙe hanyar titi. Yaro yana jin shi kaɗai ne, kuma dole ya ji haka, in ba haka ba aiken bai yi amfani ba. Amma unguwa gaba ɗaya tana riƙe da shi bai sani ba. Wahalar da aka bar masa ta tunani ce, ba ta haɗari ba. Wanda ya gina Ƙasar Duhu haka ya gina ta, kuma da gangan.

Mutumin shi ne Ron Gilbert, wanda ya kafa kamfanin a 1992 tare da Shelley Day a garin Woodinville na jihar Washington, bayan sun bar kamfanin LucasArts. Gilbert ne ya ƙirƙiro Maniac Mansion a 1987 da Monkey Island a 1990, kuma tun a 1989 ya rubuta wata maƙala yana sukar wasannin kasada na lokacin, waɗanda suke kashe ɗan wasa ba gaira ba dalili, ko su bar shi ya yi sa'o'i yana tafiya alhali ya riga ya manta wani abu a baya da ba zai iya komawa ya ɗauko ba. A ganinsa wannan ba wahala ba ce, rashin iya gini ne. Da ya juyo ga yara sai ya zo da wannan ra'ayi, ya kuma zo da injin da aka gina wasannin manyan a kansa, wanda ake kira SCUMM. Wannan ya fi komai burge ni a tarihin kamfanin: ba su ce yara ne, a ba su ragowa ba. Kayan aikin manya aka ɗauko, da marubutan manya. Wasansu na farko, Putt-Putt Joins the Parade na 1992, labarin wata 'yar mota ce mai launin shunayya wadda ta samo asali daga labaran da Shelley Day take ba ɗanta kafin barci. Freddi Fish ya biyo baya a 1994, kuma daga kansa ne suka koma zanen hannu irin na finafinan katun, ana zana motsi a takarda ɗaya bayan ɗaya kafin a shigar a kwamfuta. Shi ya sa har yau Pajama Sam bai tsufa a ido ba, alhali wasannin zamaninsa da suka yi rige-rigen siffofi masu tudu da kwari sun zama abin tausayi. Muryar Sam kuma ta Pamela Adlon ce, wadda ta yi muryar yaron nan Bobby a shirin King of the Hill, kuma ta ba shi muryar yaro mai ƙarfin hali da rawar murya a ƙasa, ba muryar babba mai kwaikwayon yarinta ba.

"Kar ka tsaya wasa," in ji Umma, kuma ta san zai tsaya. Wane yaro ne zai wuce tururuwa suna jan ƙwaro bai durƙusa ba? Waɗanda suka gina wasan sun san da haka, sai suka cika kowane allo da abubuwan da ba su da alaƙa da aiken. Danna dutse ya buɗe ido ya yi hamma, danna fure ya rera wani abu, danna gajimare ya rikiɗe. Ba maki ake samu ba, ba gaba ake ci ba, tsayawa ce kawai a hanya. Ɗan shekara uku da bai isa warware matsalar Otto ba zai iya yin rabin sa'a yana danne-danne yana ƙyalƙyala dariya, yayansa na gefe yana jiran a ba shi linzami ya ci gaba da neman tocila. Akwai kuma safunan Sam da suka warwatsu a ko'ina cikin ƙasar, wanda ya ga dama ya tsince su. Sannan ga wata hikima: kowanne daga kayan nan uku yana da wurare biyu da zai iya faɗawa, kuma duk sabon wasa kwamfuta ce take zaɓa. Yau abin rufe fuskar yana wurin wani karas mai fafutukar 'yanto 'yan uwansa daga firjin gidan Duhu, gobe yana ƙarƙashin kujerun da ke rawa a wani ɗaki. Unguwar ɗaya ce, aiken ne ya sauya.

Game da cewa bai koyar da komai ba, a nan na fi jin zafin masu suka. Abin da suke nufi shi ne ba ya koyar da baƙaƙe da lissafi. To, aike ma ba ya koyar da su. Amma ka nuna mini uwar da za ta ce aike ɓata lokaci ne. A aike yaro yake koyon riƙe magana a ka har ya isar, da yi wa babba magana ba tare da ya ruɗe ba, da gane cewa in ƙofa ta rufe akwai wata, da haƙurin komawa inda ya fito. Waɗannan ba sa fitowa a takardar jarrabawa, amma duk wanda ya rasa su ana ganewa tun daga nesa, ko da digiri nawa ne a hannunsa.

Ba na cewa wasan ba shi da aibi. Zirga-zirgar tana da yawa, musamman a cikin ramin ma'adinai inda layukan dogo suke rikita har babba, kuma ƙaramin yaro yakan gaji da kai-komo kafin ya gano abin da ya rage. Wasu barkwancin an yi su ne don iyayen Amurka da ke zaune a gefe, yaronmu ba zai kama su ba, mu ma ba duka ba. Magana ce ginshiƙin wasan, kuma da Turanci take. An fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci da harshen Holan, don haka yaran Maraɗi da Damagaram masu karatun Faransanci suna da tasu ƙofar, amma yaron da ba ya jin ɗaya daga ciki sai an zauna kusa da shi ana mayar masa. Kuma ita kanta matsalar Sam ta gidan Amurka ce: yaro shi kaɗai a ɗakinsa, uwa ta kashe fitila ta ja ƙofa. Yaronmu yawanci cikin 'yan uwa yake kwana, kuma duhu ba baƙonsa ba ne, ana ɗauke wuta a tsakiyar cin tuwo a ci gaba da ci. Sai dai tsoron nan ɗaya ne. Ka ce wa yaron da ya fi kowa baki da rana ya shiga ɗaki ya ɗauko maka tocila bayan an ɗauke wuta, ka ga yadda zai tsaya a bakin ƙofa yana neman wanda zai raka shi.

Wani uba zai iya cewa, mu da muke kiran yara su shigo gida da magariba, yaya za mu ba su wasan da ke cewa duhu ba komai ba ne? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin wasan. Sam bai fita waje ba. Duk tafiyar nan a cikin kabad ɗin ɗakinsa aka yi ta, shi ya sa Ƙasar Duhu take cike da tarkacen yara. Duhun da ake magana a kai shi ne na ɗakin kwana, wanda yake mayar da rigar da aka rataye ta zama dodo. Hana yaro yawon dare tarbiyya ce. Barinsa yana makyarkyata a kan shimfiɗarsa ba tarbiyya ba ce.

Ƙarshen wasan shi ne inda ra'ayi ya fi rabuwa. Sam ya tattara kayansa, ya hau har ɗakin Duhu, ya shirya kamu. Sai ya tarar da Duhu ba mugu ba ne, kaɗaici ne yake damunsa, kowa yana gudunsa, ba wanda ya taɓa zama ya yi wasa da shi. Suka zauna suka buga wani wasan jera uku mai kama da dara, da cuku da biskit a madadin 'ya'ya, sannan Sam ya koma gida ya kwanta. Wasu suna ganin an yaudare su, an tara musu kayan yaƙi ba a yi yaƙin ba. Ni kuwa ina ganin da an bar Sam ya cusa Duhu a akwati da an ɓata komai, domin yaron da ya kashe kwamfuta zai shiga ɗaki ya tarar da duhu yana nan, ba a kulle shi ba, ya san ƙarya aka yi masa. Abin da aka ba shi a maimako abu ne da zai iya tafiya da shi gado. Kusan kowace unguwa tana da gidan da yara ke wucewa da gudu, wai tsohon ciki mugu ne, har ranar da aka aiki ɗayansu can ya dawo da dabino a aljihu.

Sannan wasan yana ƙarewa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aike yana da dawowa. Da yawa daga wasannin kyauta da yara suke bugawa a waya yanzu an gina su ne don kada a dawo: talla tana faɗowa kowane minti, rai ya ƙare sai an jira ko an biya, mataki na bin mataki ba iyaka. Wannan shi ne mai shagon da ya ga yaro da canji a hannu, ya zaunar da shi yana miƙa masa alewa ɗaya-ɗaya har kuɗin niƙa ya ƙare, gari kuma yana can wurin mai inji. Pajama Sam an saye shi sau ɗaya, ba ya neman komai daga yaro sai hankalinsa, kuma bayan sa'a biyu ko uku yana sallamarsa.

Kamfanin kansa ya sha hannu. GT Interactive ya saye shi a 1996, daga baya ya faɗa hannun Infogrames na Faransa wanda ya koma amsa sunan Atari, kuma da Atari ya durƙushe a 2013 sai kamfanin Tommo ya sayi wasannin. Kashi uku sun biyo bayan na farko, a 1998 da 2000 da 2003. Na biyu, mai maganar tsoron tsawa da walƙiya, ya kusa kamo na farko a kyau, na huɗun kuwa an yi shi bayan manyan ma'aikatan farko sun watse, har muryar Sam ta sauya, kuma ana ji a jikinsa. An dawo da su kasuwa ta dandalin Steam a 2014, akwai su a wayoyin Android da iPhone, wasu kuma sun hau Nintendo Switch a 2022. Wanda yake da tsohon faifai zai iya kunna shi a sabuwar kwamfuta da manhajar ScummVM, wadda kyauta ce, kuma wasan ba ya buƙatar na'ura mai ƙarfi ko intanet da zarar an sauke shi.

Ga iyaye da yayye da za su gwada shi da yaro, roƙona ɗaya ne. Ku zauna kusa, ku mayar masa da maganar da bai ji ba, amma ku bar linzamin a hannunsa. In ya maƙale a gaban Otto, kada ku ce masa katako. Ku tambaye shi me yake da shi a cikin kayansa, ku yi shiru ku jira, ko da zai kai gobe.